Kada Murya Ta Tsallake Katanga

Sharaɗi ɗaya Alhaji Yari ya kafa kafin ya yarda a shigo da lasifika gidansa ranar walimar saukar karatun matarsa: kada muryarta ta tsallake katanga. Ya ce in har ya ji ko da tarinta ne daga inda yake zaune a ƙofar gida, da hannunsa zai zare wayar batir, kowa ya huta. Matar tasa kuwa, Hajiya Basira, ta tsufa, muryarta ta sirance, in babu lasifika daga ita sai wadda ke gefenta za su ji abin da take karantawa. Wannan kaya a kan Zulaiha ya faɗo, 'yar ƙanen Hajiya Basira, wadda duk Sabon Birni aka sani da Zulaiha Mai Awo. Ba gero take aunawa ba, ba dawa ba. Ƙara take aunawa.

A Isa aka haife ta, gidan Halliru mai gyaran rediyo. Rumfarsa tana bakin kasuwa, cike da gawarwakin rediyo da rikoda waɗanda masu su suka kawo gyara suka manta. Allah bai ba Halliru ɗa namiji da wuri ba, shi kuma ba mutum ne mai iya aiki bakinsa a rufe ba, dole sai da wanda zai riƙa yi wa bayani. Zulaiha ce ta zama mai saurare. Tun tana kai masa fura rumfa take tsayawa tana kallon wata 'yar taga da ke jikin injin magana, wato amfilifaya, inda wata siririyar allura ke rawa duk lokacin da aka yi magana a makirfo. Gefe ɗaya na tagar kore ne, ɗaya gefen ja.

"Kunne maƙaryaci na, ɗiyata," in ji Halliru. "Da sahe shi ce miki ƙara ta yi yawa, da marece shi ce ta yi kaɗan. Allurag ga ko ba ta da dangi. In ta taɓa ja, murya ta hwashe, ko ta wa ta."

Uwarta ta sha faɗa a kan wannan zama. Ta ce 'yan mata na koyon daka, tata 'yar na koyon kallon allura, wa zai auri mai warin dalma? Sai ga shi warin dalmar ne ya kawo mijin. Marwan, wani saurayi mai ba da hayar lasifika a Sabon Birni, ya kawo injinsa gyara. Ya tarar Halliru ya tafi masallaci, yarinyar da ke tsaron rumfa ta leƙa injin ta ce masa shi ya ƙona shi da kansa, don ya saba murɗa shi har ƙarshe. Ya ji haushi ƙwarai. Haushin ne ya yi ta dawo da shi rumfar, yau ya zo gardama, gobe ya zo ƙarasa gardamar jiya, har aka ɗaura aure.

Marwan mutumin kirki ne, ba a raba shi da fara'a, amma a sana'arsa aƙida ɗaya ya riƙe: lasifikar da ba ta firgita awaki ba, ba lasifika ba ce. Kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai, haka garin yake so. Mai biki ba ya tambayar ko magana ta fito tangaran, tambayarsa ita ce har ina aka jiyo. Marwan yakan ɗaure babbar lasifikarsa a kan iccen da ya fi kowane tsawo, ya murɗa har allura ta kwanta cikin ja ta daina motsi, sannan ya koma gefe yana murmushi. "In ba a jiyo a garin Tsamaye ba," in ji shi, "ai ba a yi taro ba." Zulaiha ta yi magana har ta gaji, ta zuba masa ido.

Ranar da abin ya ƙare masa, wani suna ake yi a unguwar su Alhaji Yari. Taron mata ne, namiji ba ya shiga, saboda haka Marwan ya aika da makirfo cikin gida, shi ya tsaya waje da injinsa, lasifika kuma tana can ƙololuwar darbejiya. Malamar da aka gayyato ta gama wa'azi ta ajiye makirfo a kan tabarma, ba wanda ya ce mata ana kashewa. Mata suka buɗe hira, hirar mata kuma ina za ta in ba kan mazaje ba? Hajiya Basira ce ke zaune daf da makirfon. Muryarta ƙarama ce, amma injin Marwan bai san ƙaramar murya ba.

"Ku bar ganin Alhaji da babbar riga da tsawa," aka ji daga saman darbejiya. "In ya hau babur runtse ido shikai, shi ƙanƙame ɗan kabu-kabu awa jinjiri, shina salati har a iso."

Alhaji Yari yana zaune a majalisa tsakiyar dattawa, da goro a bakinsa. Babban dillalin hatsi ne, wanda in ya yi gyaran murya a kasuwa 'yan dako ke miƙewa. Ba wanda ya yi dariya a gabansa. Sai dai tun daga ranar, duk sanda ya tashi tafiya, sai wani ya tambaye shi cikin ladabi ko a kirawo masa babur.

Dattawan unguwa suka taru suka ce ba daidai ba ne muryar matan aure ta riƙa yawo a gari, an hana lasifika a taron mata. Maganarsu tana da hujja, ba a musa ba, ko da yake kowa ya san kowannensu yana da nasa babur ɗin da ba ya so a ji. Matan ne suka sha wahala. Gida ya cika, malama ta yi ta ɗaga murya har ta dushe, na baya ba su ji komai ba sai kukan yara, su tashi su ci shinkafa su watse.

A nan Zulaiha ta ce a ba ta wuri. Ta sa Marwan ya ajiye babbar lasifikar nan, ta haɗa wasu 'yan ƙanana guda uku, kowacce ba ta fi ƙwaryar fura ba. Sannan ta yi saƙo wurin wani ɗan kasuwa mai zuwa Maraɗi, ya samo mata ma'aunin ƙara irin na hannu. Abu ne kamar ƙaramar rediyo, da ɗan baki a samansa mai sauraro, da tagar allura a gaba, rubutun jikinsa duk Faransanci wanda ba mai karantawa a gidan. Ba ta damu ba, ta ce allura ba ta jin Faransanci ita ma.

Yadda take aiki abin kallo ne. Kafin ta kunna komai sai ta fita bayan katanga da mayafinta, ta ɗaga ma'aunin, ta auna hayaniyar titi yadda Allah ya yi ta: awaki, masu talla, injin niƙa. Inda allura ta tsaya, sai ta ɗiga kwalli a kan gilashin. Daga nan ta koma ciki, ta jera 'yan lasifikokinta ƙasa-ƙasa suna bai wa katanga baya, ta sa a yi magana, ta sake fitowa. In allura ta wuce ɗigon kwalli, murya ta zubo waje ke nan, sai a rage. In ba ta wuce ba, na waje ba ya jin komai sai abin da da ma yake ji. Takan yi wannan shiga da fita har sai ƙafafunta sun yi ciwo, kuma ba ta yarda kowa ya gaya mata da baki cewa ya yi daidai, ko da Marwan ne. Musamman ma Marwan.

Gida ɗaya ya gwada, ba a ji komai a waje ba. Wani ya gwada. Sannu a hankali dokar dattawa ta narke, aka wayi gari ba a walimar mata a Sabon Birni sai an nemi Mai Awo, har daga Isa da Tozai ake aiko mata. Marwan ya koma mai ɗauko batir da kai ta a babur, kuma ya karɓi matsayin da hannu biyu, yana gaya wa kowa shi ya koya mata. Gida ɗaya kawai ya rage da lasifika ba ta taka ƙofarsa ba, gidan Alhaji Yari.

To, sai ga saukar Hajiya Basira. Da girmanta ta shiga makarantar matan aure, ta zauna tabarma ɗaya da sa'o'in jikokinta. Shekaru ta yi tana bi a hankali, tana mantawa tana komawa baya, tana bita cikin raɗa a ɗakinta don kunya. Ranar da malama ta ce mata ta kai, gidan Zulaiha ta fara zuwa, tun ba ta cire hijabi ba.

"Ɗiyata, ni ba shinkahwa ta dame ni ba, ba ankon zane ba," ta ce. "So nikai matan ga su ji da kunnensu. Duk wadda tac ce ta tsuhwa da karatu, ta ji ni, ta ji kunya."

"Za su ji, Gwaggo."

"Alhaji hwa?"

"Ki bar ni da Baba. Za ni same shi."

Ta same shi a zaure yana jan carbi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi kasuwa, ta tambayi ƙafarsa mai ciwo, sannan ta kawo maganar. Ya ce a'a. Ta ci gaba da durƙuso, ba ta tashi ba. Ya ce mata ai ta san abin da lasifikar mijinta ta yi wa mutuncin unguwa. Bai ce nasa ba, unguwa ya ce. Ta ce ta sani, Allah ya huci zuciyarsa. Da ya ga ba ta da niyyar tashi, sai ya kafa sharaɗin nan na katanga, yana ganin ya rufe ƙofa ke nan.

"Na yarda, Baba. Amma kai za ka riƙe ma'aunin da hannunka. In allura ta wuce ɗigon kwalli, ka zare waya, ba mai cewa don mi."

Ya karɓi abin ya jujjuya shi, ya yi gyaran murya, allura ta yi tsalle. Ya ɗan ja da baya. Ya sake gyaran murya don ya tabbatar, ta sake tsalle. Zulaiha ta sunkuyar da kai tana danne dariya, domin ta ga abin ya burge shi, ba ya dai so a gani.

Wahalar aikin ba katanga ba ce kaɗai, muryar Gwaggo ce. Kwana da kwanaki suna gwaji a tsakar gida, allurar da ke jikin injin da ƙyar take ɗagowa daga barci. In Zulaiha ta ƙara murɗawa, lasifika ta ɗauki kuka mai tsinka kunne, kaji su watse. In ta rage, ba a jin komai. Ta kusantar da makirfo bakin tsohuwar, ta ce ta ɗaga murya kaɗan.

"Iyakatta ke nan, ɗiyata. Da raɗa na koye shi, da raɗa ya saba hitowa."

Maganar ta taɓa zuciyar Zulaiha. Ba ta sake cewa ta ɗaga ba. Ta rataya barguna a jikin katanga, ta matsar da wurin zaman Gwaggo ƙarƙashin rumfa kusa da zaure inda iska ba ta kaɗawa, ta yi ta lallaɓa injin har ta samo wani ɗan tsakani siriri, inda murya ke fita kuma kuka bai taso ba.

Ranar walima, da hantsi, bayan an gama kaka kowa ya sami sarari, abin da ba ta lissafa ba ya faru. Ta shirya wa taron unguwa, sai ga rabin ƙasar. Dangi daga Isa, dangi daga Tsamaye, ga matan garin Gatawa da rashin zaman lafiya ya dawo da su cikin gari, waɗanda suka daɗe ba su ga taron farin ciki ba, suka zo ƙwansu da kwarkwatarsu. Tsakar gida ta cika har bakin madafa. Zulaiha ta san abin da wannan ke nufi: jikin mutane da hijabai shan ƙara suke yi kamar yadda rairayi ke shan ruwa. Abin da ya isa gidan jiya da babu kowa, yau ba zai kai tsakiya ba.

A waje kuma Alhaji Yari ya hakimce a kan benci cikin babbar riga, ma'auni a hannunsa, dattawa sun kewaye shi suna leƙen allura. Batir yana gefen ƙafarsa, Marwan na tsaye kusa yana zufa tun rana ba ta yi zafi ba.

Malama ta yi addu'a, aka miƙa wa Hajiya Basira allonta mai zayyana. Ta fara.

"Ba mu ji!" wata ta ce daga can baya. "A ƙara muna!"

Gwaggo ta tsaya, ta dubi Zulaiha. Zulaiha ta dubi mamurɗin injin. Murɗawa kaɗan za ta yi na baya su ji, amma wannan kaɗan ɗin ne zai tura allurar waje ta haye kwalli, a zare waya, tsohuwa ta ƙarasa karatunta a cikin shiru. Ta janye hannunta daga injin, ta tattare zanenta, ta sunkuci lasifika ɗaya tana tsallake ƙafafun mutane, waya na binta. Ta sa aka mirgino turmi aka kifa shi a tsakiyar na baya, ta ɗora lasifikar a kai. Ta dawo ta kai ta biyu wajen matan Gatawa, wata tsohuwa a cikinsu ta ce a ba ta, ta rungume ta a cinya. Maimakon a tura murya ta je musu, an kai musu ita har inda suke.

"Bismillah, Gwaggo. Koma daga hwarko."

Ta koma. A wannan karon gidan ya yi tsit. Muryar ta fito siririya, a hankali, kowane harafi da nasa wuri. Matar da ta ce ba su ji ba ta rufe baki da gefen hijabi. Malama ta yi wa Gwaggo alama da hannu ta ci gaba, kada ta tsaya inda aka saba tsayawa.

Zulaiha dai hankalinta na waje. Ta sauya wa lasifikoki wuri, ba ta auna ba, kuma a rayuwarta ba ta taɓa yarda da saitin da ba ta auna ba. Ta lallaɓa ta ƙofar baya ta zagayo. Dattawa na nan, batir na nan da wayarsa, amma bencin Alhaji Yari babu kowa.

"Ina Baba?" ta tambayi mijinta cikin raɗa.

Marwan ya nuna zaure da haɓa. "Allura ta ƙi motsi. Yac ce halan abin ya lalace na. Ya matsa jikin katanga, ba ta motsa ba. Yab bi katanga yana ta matsawa, har ya shige."

Ta shiga zauren a hankali. Yana can ƙurya, bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, bayan asabari. Ya cire hula, ya karkata kai, ya manna kunne a jikin asabarin. Ma'aunin yana hannunsa a kife, ko kallonsa ba ya yi. Daga nan muryar tana isowa, amma da ƙyar, kalma ɗaya ta zo biyu su ɓace.

Da ya ji motsinta ya yi sauri ya juyo da abin. "Awo nikai," ya ce.

"To, Baba. Ya wuce kwalli?"

Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Tun muna da ƙuruciya nike tare da matag ga. Na san muryatta in tana hwaɗa, na san ta in tana kiran awaki. Ban taɓa jin ta tana karatu ba." Ya share ido da hannun riga, ya ɗaure fuska. "Ƙara mata kaɗan."

"Baba, kai kac ce kada ta tsallake katanga."

"Katanga nic ce. Zaure cikin gida shike, ko kin taɓa ganin zauren da ke waje?"

Zulaiha ta ɗaga asabari ta shige, dariya da ƙwalla suna kokawa a fuskarta. Ba ta taɓa mamurɗi ba. Lasifika ta uku, wadda ke gindin rumfa, ita ta ɗan juya ta fuskanci ƙofar zaure, ta koma ta durƙusa gaban injinta.

Gwaggo ta yi nisa. Sai ta zo wata gaɓa ta cije. Ta maimaita kalmar baya, ta sake tsayawa, yatsanta na yawo a kan allo. Malama ta buɗe baki za ta ɗora ta, amma an riga ta. Daga bayan asabari wata katuwar murya, wadda 'yan dakon kasuwa suka sani sarai, ta faɗo kalmar da ta ɓace.

Mata suka juya gaba ɗaya. Wata ta ƙyalƙyale da dariya, ta kusa da ita ta zungure ta. Hajiya Basira ba ta juya ba. Ta gyara zaman allon a cinyarta, ta karɓi kalmar ta ɗora.

Zulaiha na kallon tagar injin. Allurar da ta yi kwanaki tana roƙo ta ɗago ta miƙe tsaye, ta ratsa kore, ta doshi ja. Da sauri ta kai hannu ta rage, Gwaggo ta ƙara ɗagawa, ta sake ragewa. Tsohuwar ta daina karanta wa makirfo, zaure take karanta wa.